Ranar da Na Daka wa Surukina Tsawa a Sararin Legas

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau da ƙafafuna biyu. Baba Rabaran, dattawan ikilisiya, iyayenmu mata na zumunta, matasa, na gode da kuka ba ni wannan ɗan lokaci.

Yawancinku kun san fuskata, amma ba ku san muryata ba. Na san ana cewa matuƙin jirgin nan girman kai ne da shi. Na ji da kunnena, ai bangon ɗakin sujadar nan ba shi da kauri. Ba girman kai ba ne, 'yan'uwa. Kaɗaici ne ya yi mini katutu har na manta yadda ake hira da mutane. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to yau zan faɗa muku komai.

Sunana Haruna. Bahaushe ne ni gaba da baya, daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, tun kakana bishara ta shigo gidanmu. Uwa da uba duka sun rasu. Aikina tuƙin ƙaramin jirgin sama ne a wani ɗan kamfani a nan Fatakwal, irin mai farfela biyu, wanda cikinsa bai fi na motar bas ba. Muna ɗaukar ma'aikata, wani lokaci marasa lafiya. Ni ne mataimaki, a kujerar dama nake zama. A kujerar hagu akwai kyaftin, shi ne mai jirgi. Kyaftin ɗin nan kuwa surukina ne, mahaifin matata Rifkatu. Ba zan kama sunansa ba, ku da kuka taso a arewa kun san dalili. Baba kawai zan ce.

Kafin in zama surukinsa ba ni da abokin hira kamarsa. Shi ya kawo ni kamfanin bayan na gama makaranta, don ya ji ni ɗan ƙasarsu ne. Muna cikin gajimare yana ba ni labarin farautar gafiya, yana tsokanata wai matan ƙauyenmu ba su iya tuƙa tuwon dawa ba. In na ga kuskure in faɗa kai tsaye, ya ce, "Yauwa, ashe idonka biyu."

Sai na je gidansa cin abincin Kirsimeti, na ga Rifkatu.

Ranar da aka sa mana rana, ranar bakina ya rufe. Ba wanda ya ce in yi shiru. Haka muka tashi muka tarar: suruki ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a yi masa musu ko da ya ce rana daga yamma take fitowa. In na je gidansa takalmina a bakin ƙofa yake tsayawa, in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa. Shi ma ya ja jikinsa, don Rifkatu ce 'yarsa ta fari, kun san nauyin wannan.

A jirgi kuwa kafaɗarmu har gugar juna take yi. Sai muka fake da Turanci. Aikin sama da Turanci ake yinsa, akwai abin da zai karanta in amsa, akwai wanda zan karanta ya amsa. Da an gama wannan, sai ƙugin inji kawai. Duk wata maganar gida, Rifkatu ce 'yar aike. Ni in ce, "Ki gaya wa Baba tayar motarsa ta baya ta sace." Shi ya ce, "Ki gaya wa mijinki ya rage yaji, na ga yana dafe ciki." Ita kuwa ta yi ta dariya tana cewa, "Ku biyu kun wuni a cikin akwati ɗaya, sai ni da ke ƙasa ce zan riƙa kai muku saƙo? To ku haɗu ku saya mini okada."

Rifkatu ta rasu muna sama. Tana da ciki, jini ya ɓalle mata da rana tsaka, maƙwabta suka sa ta a mota, cunkoson hanya ya riƙe su. Mu kuwa muna dawowa daga Inugu, ni da shi, lafiya lau, rana tana haska gajimare gwanin kyau. Muka sauka muka kunna waya. Tawa ta yi ƙara, tasa ta yi ƙara. Ya saurara, na saurara. Ya juya ya kalli tagarsa, na juya na kalli tawa.

Wayyo 'yan'uwa! Ko sannu ba mu iya ce wa juna ba.

Muka kai ta gida muka binne kusa da mahaifiyarta, muka dawo bakin aiki. Kamfanin ƙarami ne, matuƙan ba su da yawa, aka ci gaba da haɗa mu. Ya karanta in amsa, in karanta ya amsa. Da yamma shi ya koma gidansa babu kowa, ni in koma nawa babu kowa.

Na kasa ci gaba da kwana a gidan da muka zauna da ita. Na tattara na kama ɗaki ɗaya a Borokiri, kusa da bakin ruwa. A can ne na san ainihin zama baƙo. 'Yan ƙasa in sun ji Hausata sai su ce, "Aboki, how far? You dey sell suya?" 'Yan'uwana Hausawa kuma in sun ji sunana sai su ɗauka na masallaci ne. Akwai wani mai shayi a bakin layinmu, Malam Sabi'u, mutumin Gumel. Ranar da na fara zama a bencinsa aka kira sallar magariba, kowa ya miƙe, ya ce, "Malam Haruna, ga buta." Na ce masa ni Kirista ne. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ikon Allah. To tsare mini tebur."

Tun daga ranar na zama mai gadin tebur. Duk magariba benci ya watse, 'yan dako da masu turin ruwa da masu gyaran takalmi su tafi su jeru kafaɗa da kafaɗa, ni in rage ni kaɗai da gwangwanayen madara da tukunyar ruwan zafi. Ban taɓa jin haushinsu ba, mutanen kirki ne, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni su suka buga mini ƙofa. Amma ina kallonsu ina cewa a raina, kowa da sahunsa, ni fa? Nakan zo sujada ran Lahadi, gaskiya ne, amma jikina ne kawai yake zuwa. Addu'a ta bushe a bakina. In na durƙusa ba na samun abin cewa, sai in ce amin in tashi.

Yanzu bari in bayyana muku wani abu na aikinmu, don ku gane abin da Ubangiji ya fitar da ni daga ciki. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Borokiri ya ga yadda babban jirgin ruwa yake wucewa. Ya wuce abinsa, ya yi nisa, sai can daga baya igiyar ruwa ta iso ta fara wujijjiga kwale-kwalen masunta. To haka yake a sama. Babban jirgi in yana tafiya, bakin kowane fiffikensa yana murɗa iska, ya bar guguwa biyu a kwance a bayansa. Iyakar nauyinsa iyakar ƙarfinsu, kuma sun fi muni lokacin da ya rage gudu zai sauka. Bambancin shi ne, ta ruwa kana ganinta tana zuwa. Ta sama ba a ganinta. Sararin yana nan garau, amma mutuwa tana juyawa a ciki.

Guguwar nan a hankali take nitsewa ƙasa da hanyar da babban ya bi. In akwai iska mai ƙarfi takan watsa ta. In iska ta kwanta, sai ta yi zamanta tana jira. Ƙaramin jirgi irin namu in ya faɗa ciki, kife shi take yi, sitiyari bai isa ya hana ba, kuma kusa da ƙasa babu filin da za ka gyara. Shi ya sa aka koya mana tun a makaranta: in kana bayan babba, ka ba shi tazara. Ka bi ta saman hanyarsa, kada ka kuskura ka bi ta ƙasa. Ka kalli inda tayarsa ta taɓa titi ta yi hayaƙi, kai ka sauka gaba da wurin. In ka ga abin bai yi ba, ka ba jirginka wuta ka koma sama, ka zagayo.

Kun ji ko? Duk abin da aka koya mana a gida, a sama an juya shi. A gida an ce bin na gaba bin Allah ne, ka bi bayan babba, ka ƙasƙantar da kanka, kada ka wuce inda ya taka. A sama in ka yi haka, gawarka za a kwasa.

To ranar da abin ya faru, mara lafiya aka ba mu za mu kai Legas. Matashiya ce a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, da nas ɗaya, da mahaifiyarta. Ban tambayi ciwonta ba. Na dai ga fuskarta da ake shigar da ita, sa'ar Rifkatu ce. Uwar ta kama hannun rigar Baba tana kuka tana cewa, "Oga pilot, abeg, na my only daughter." Wato ita kaɗai ce 'yarta. Ban taɓa ganin Baba ya hau jirgi da sauri irin na ranar ba.

Muka isa sararin Legas da la'asar, lokacin da jirage suke layi kamar motoci a tasha. Mai ba da hanya a rediyo, mace ce, ta yi iya ƙoƙarinta don ta san mara lafiya muka ɗauko. Ta ce akwai wani babban jirgin kaya yana gab da sauka. In muna ganinsa kuma za mu iya tsare tazararmu da kanmu, mu bi bayansa. In ba haka ba, mu ɗan zagaya har ta samar mana wuri mai faɗi. Rediyo aikina ne a ranar, amma kafin in buɗe baki Baba ya danna ya ce mun gan shi, za mu bi. Ta ce to, ta ƙara da gargaɗi, mu yi hattara da iskar da ya bari a baya. Ta faɗa sarai, na ji, shi ma ya ji.

Baba ya karya kwana da wuri. Na ga jirgin nan ya cika mana gilashin gaba, ƙato mai inji huɗu, fukafukansa kamar rufin kasuwa. Mun matse shi da yawa.

Na kalli fitilun gefen titi. Fitilun nan su suke gaya wa matuƙi tsayinsa, fari ka yi sama, ja ka yi ƙasa. A bayan babban jirgi fari ake so ya fi yawa. Namu ja ne ya fi yawa. Na kalli ƙyallen da ke nuna iska a gefen fili, yana rataye ko motsi ba ya yi. Can na ga tayoyin ƙaton sun taɓa titi, hayaƙi ya tashi a nesa, mu kuwa hancinmu yana nufin wuri tun kafin nan. Muna kusa, muna ƙasa, kuma babu iska. Duk abin da aka ce kada a yi, ga shi mun haɗa.

Kalma biyu ce ta Turanci ake faɗa a koma sama, kuma doka ta ba mataimaki ikon faɗarta. Na faɗa wa wasu kyaftin-kyaftin ba sau ɗaya ba, ko gezau. Amma wannan ba amsa karatu ba ne, umarni ne. Kuma wanda zan ba umarnin shi ne mutumin da nake cire wa takalmi.

Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Zuciyata ta fara kawo mini dalilai. Ta ce, mutumin nan yana tuƙi tun kana rarrafe, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta ce, ka ba shi 'yarsa a akwatin gawa, yanzu kuma za ka koya masa aiki? Ta ce, in kun zagaya yarinyar nan ta cika a sama, wa ya kashe ta? Na yi gyaran murya. Na karanta masa tsayinmu da ƙarfi fiye da kullum, wai ko zai gane. Ya amsa da kalmar da yake amsawa kullum, idonsa a gaba. Daga can bayanmu na ji nas tana cewa mu yi sauri.

Sai jirgin ya yi wata 'yar girgiza, kaɗan, kamar mota ta taka layin dogo. Na san ta. Sallamar guguwa ce.

'Yan'uwa, a nan ne na yi addu'ar da na kasa yi tun ranar jana'iza. Ba ta da tsawo, ba ta da ado. A cikin raina na ce, "Yesu, ka ɗauki Rifkatu ban ce komai ba. Kada ka bar ni in yi shiru yau. Buɗe mini baki!"

Ya kuwa buɗe! Ba Turancin ne ya fito ba. Hausar ƙauyenmu ce ta fito, da wata murya da ban san ina da ita ba. Na ce, "Baba! Ba shi wuta! Mu tashi, za ka kashe mu!" Hannuna na hagu ya riga ya hau kan nasa, a kan abin ba inji wuta, na tura har ƙarshe. Tun da na auri 'yarsa hannuna bai taɓa nasa ba sai ranar.

Inji ya yi ruri, hanci ya ɗaga. Ba mu kai ga sauke numfashi ba guguwar ta kama mu.

Fiffiken hagu ya faɗi kamar an sare shi. Tagar Baba, inda sama ya kamata ta kasance, ta cika da rufin kwano. Na ga tsatsar rufin, na ga tankin ruwa, na ga shanyar kayan wata mata a kan igiya. A baya kaya suna zubewa, uwar yarinyar tana ƙwala kiran sunan Yesu. Mu biyu muka murɗa sitiyari dama har ya tokare, jirgi ya ƙi ji. Ban san tsawon lokacin ba. Wanda ya duba agogo zai ce ƙiftawar ido ne, ni kuwa na tsufa a ciki.

Sai ta sake mu. Kamar yadda ta kama, haka ta saki. Da yake mun riga mun fara hawa, gefenta muka taɓa muka fita ta sama. Fiffike ya dawo daidai, kan itatuwa ya wuce ta ƙarƙashinmu, muka yi sama. Da na ƙara jinkirin numfashi ɗaya, da tsakiyarta muka shiga, da yau Baba Rabaran wata sujada dabam ya yi a kaina. Ku ce halleluya! Ku ƙara faɗa, don ni na san abin da na gani!

Na gaya wa mai ba da hanya mun fasa sauka. Ta sa mu a layi. Jiran nan da Baba ya ƙi, sai da muka yi shi har da ƙari. Duk zagayen ina sauraren baya, ina jiran in ji ihun uwar. Da muka dawo, Baba ya kawo jirgin ta sama, fitilu fari, ya ajiye shi can gaba da inda na gabanmu ya taɓa, lumui kamar yadda ya saba. Motar asibiti tana jira. Da aka fito da yarinyar idonta a buɗe yake. Ban san ƙarshen labarinta ba, abin da na sani da ranta ta shiga motar. Uwar ta durƙusa a gaban Baba tana sa masa albarka, shi kuwa yana tsaye kamar an dasa shi.

Muka dawo Fatakwal. Ya karanta na amsa, na karanta ya amsa. Ya shiga motarsa ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Kuna tsammani na koma gida ina waƙar yabo? Ina! Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi ɗaci a rayuwata. An ba mu hutu, ina ɗaki ina juya kalmar nan, "za ka kashe mu." Ga wa na faɗa? Ga mutumin da ya binne 'yarsa ta fari. Duk duniya shi kaɗai ya rage wanda ya san dariyar Rifkatu kamar yadda na sani. Ko ba ma magana, zama kusa da shi yana rage mini wani abu. Na ce shi ke nan, na tsira da raina na rasa shi. Abu ɗaya ne ya canja. Bakin da Yesu ya buɗe bai koma ya rufe ba. In na durƙusa sai magana ta yi ta zuba, da ƙorafi, da kuka, da tambayoyin da na daɗe ina haɗiyewa. Na faɗa wa Yesu duka, kuma bai kore ni ba.

Wata magariba ina gadin teburin Malam Sabi'u, benci ba kowa, sai na ga motar Baba tana lallaɓowa cikin taɓon layinmu. Bai taɓa zuwa Borokiri ba, ban ma san ya san inda nake ba. Na zabura na cire takalmi na durƙusa a gefen kwata. Na ce, "Baba, barkanku da yamma."

Ya ce, "Tashi ka zauna." Ya zauna a bencin, ya nuna mini gefensa. Na ɗosana a can ƙarshe.

Ya kalli tukunyar shayi. Sannan ya ce, "Na ga fitilun nan. Na ga hayaƙin tayarsa. Tun muna nesa na san na matse shi."

Na ce, "Baba, ku gafarce ni, maganar da na..."

Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Bari in gama, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Da fari yarinyar nan nake gani, ina cewa wannan kam ba za ta mutu a hanya ba. Da na gane na yi kuskure, sai kunyarka ta hana ni janyewa. Yaya zan fasa sauka a gaban surukina, bayan ni na karɓe rediyo daga hannunsa? Ina ta cewa a raina, yaron nan ya yi magana mana, in samu abin fakewa. Kai kana jirana, ni ina jiranka, ga rai uku a bayanmu."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni a zatona ni kaɗai nake ɗauke da kunyar.

Aka idar da salla, Malam Sabi'u ya dawo. Ya ga dattijo da furfura, ya gaishe shi da kyau, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, bai jira an ce ba ya haɗa shayi kofi biyu. Na riƙe nawa yana ƙona mini hannu, na kasa kai shi baki. Baba ya ce, "Sha mana. Wanda ya iya daka mini tsawa ai ba zai kasa shan shayi a gabana ba." Malam Sabi'u ya dube ni ya ce, "Wannan? Wannan da ko kaza ba ya iya kora daga kan burodi?"

Na sha. Baba ya ce ya je ya faɗa wa kamfani duk yadda aka yi, bai rage komai ba, kuma ya ajiye aiki. Ya ce mutumin da kunya ta hana shi ba jirgi wuta, lokacinsa na komawa gona ya yi. Na san kujerar hagu ba za ta ƙara zama tasa ba. Na ce, "Baba, in kun tafi ni wa ya rage mini a garin nan?" Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba.

Ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Abin da ya kawo ni ke nan. Na ga ɗakin da kake, na ga yadda wuyan rigarka ya yi maka yawa. Ita ta tafi wurin Ubangijinta, ba za ta dawo ba. Kai kuma ba a binne ka tare da ita ba. Ka yi aure. Ba yau ba, ba gobe ba, sai ranar da zuciyarka ta yarda. Amma in ka ga wadda hankalinka ya kwanta da ita, kada ka je neman wani kawu daga nesa. Ba ka da uba. Ni zan sa babbar riga in je in durƙusa a gaban iyayenta in roƙa maka."

Jama'a, uban Rifkatu ne yake faɗar wannan! Na kifa kaina a kan teburin shayi na yi kukan da ban yi ba a bakin kabari. Na ji hannunsa a bayana. Malam Sabi'u, Allah ya saka masa, ya ƙara muryar rediyonsa ya juya yana wanke kofunan da ya riga ya wanke.

Baba ya koma gida. Na raka motar kayansa har tashar Upper Iweka a Anaca, na tsaya cikin hayaniyar tasha ina kallo har ta shige tsakanin manyan motoci. Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba, har yanzu kaɗaicin yana nan. Ina dawowa ɗaki in tarar da shi yadda na bar shi. Akwai yammacin da nake jin kamar zan ji motsinta a bayan ƙofa. Ban ga kowa ba tukuna, zuciyata ba ta shirya ba, don haka iyayenmu na zumuntar mata ku daina zungurar juna, ina ganinku daga nan.

Amma duk Lahadi da yamma wayata takan yi ƙara. Mu gaisa, ya tambaye ni yadda sama take, in tambaye shi yadda dawa ta yi. Wani lokaci maganar ta ƙare mu yi shiru, ba wanda ya kashe wayar. Kafin ya ajiye sai ya ce, "Rigar fa tana nan a goge."

Matasa, ku girmama na gaba da ku, wannan ba ta canja ba. Amma in kun ga rami a gabansa ku faɗa, wataƙila shi ma jira yake wani ya faɗa. Kai kuma da ka zo yau da abin da ya toshe maka maƙogwaro, wanda ba ka iya gaya wa mutum ba, ba ka iya gaya wa Allah ba, kada ka jira sai ka haɗa addu'a mai kyau. Tawa ba ta kai numfashi biyu ba, kuma ya ji. Ka dogara gare shi, zai ji taka.

Na gode wa Yesu da ya ɗaga fiffiken nan. Na gode masa saboda rai uku da suka sauka lafiya a bayanmu. Na gode masa da ya bar mini uba. Yabo ya tabbata ga sunansa har abada. Amin.